Yadda ake ratsa kwazazzabon Uina da keken tsauni, daga Suwizalan zuwa Italiya

Assalamu alaikum jama'a. In ka taɓa ganin hoton wata siririyar hanya da aka sassaƙa a jikin bangon dutse, mutum na tura keke a cikinta ga rami a gefensa wanda ido baya kaiwa ƙarshensa, toh da wuya in ba Val d'Uina bace. Kwari ne a gabashin Suwizalan, yankin Engadin na jihar Graubünden, dab da iyakar Italiya da Ostiriya. Ina son wajen nan sosai, kuma ina so 'yan uwanmu da ke zaune a Jamus da Italiya da Suwizalan ɗin kanta, da masu zuwa hutu, su je su gani, amma su je da shiri su dawo lafiya. Abu ɗaya nake so ka sa a ranka tun daga nan: wannan hanyar ba ƙarfin cinya ke fidda mutum ba, sanin inda zaka sauka daga kan keke ka tura shi ne ke fidda mutum. Sauran duk bayani ne a kan wannan.

Ga hanyar a taƙaice. Zaka tashi daga ƙauyen Sur En a bakin kogin Inn, tsayin wajen daga teku kamar mita 1,120, ka haura kwarin har mashigar Schlinig wadda take wajen mita 2,300, iyaka tana kusa da nan, sai ka gangara Italiya. Wato hawan kusan mita 1,200 cikin tafiyar da bata wuce kilomita 15 ba. Don ka gane tsayin, Chappal Waddi na Taraba wanda yafi kowane tsauni tsayi a Najeriya mita 2,419 ne, kaga kenan kaɗan ya rage ka kai can, kuma da keke.

Mataki na farko, lokaci da takardu

Kar ka sa ranar tafiya kafin ƙarshen watan Yuni. Dusar ƙanƙara na daɗewa a cikin kwazazzabon saboda rana bata shiga sosai, kuma duk lokacin sanyi hanyar a rufe take. Yuli zuwa Satumba ne daidai, ni nafi son farkon Satumba saboda hadarin yamma ya ragu mutane ma sun ragu. Kwana ɗaya kafin ka tafi ka kira ofishin masu yawon buɗe ido na Scuol, garin da ke kusa da Sur En, ka tambaya ko hanyar a buɗe take, don wani lokacin ruwa na zubo da duwatsu a rufe ta na 'yan kwanaki. Ka sauke manhajar MeteoSwiss a waya, ita ce ta hukumar yanayin ƙasar, ka duba da daddare ka sake dubawa da asuba. In ta nuna tsawa kafin azahar, malam ka fasa kawai, dutsen nan yana nan gobe ma.

Batun takardu kuma dan Allah kar a yi wasa da shi. A saman tsaunin babu shinge babu ɗan sanda, dutsen iyaka ne kawai da allo, amma dai ƙasa ka bari ka shiga wata, in ka zagayo ta garin Nauders na Ostiriya ma ƙasa uku kenan a rana ɗaya. Dukkansu suna cikin Shengen, toh mai bizar Shengen ko katin zama na dindindin ba matsala, sai dai fasfo da katin su kasance a jikinka cikin leda. Wanda takardarsa bata bashi damar fita daga ƙasar da yake ba, kamar wanda ke jiran a yanke hukunci kan neman mafakarsa, ya tabbatar da matsayinsa tukuna. Sannan ka riƙe kuɗi a hannu iri biyu, faran na Suwizalan da yuro, don a rugagen saman dutse ba ko'ina kati ke aiki ba. Layin wayarka na Jamus ko Italiya shima ka duba, Suwizalan bata cikin Tarayyar Turai, wasu layukan suna cin kuɗin data kamar wuta da zarar ka tsallaka.

Zuwa wajen ba wuya. Daga Zurik ka hau jirgin ƙasa ka canja a Landquart, jan jirgin nan zai ratsa da kai ramin Vereina mai tsawon kilomita 19 ya sauke ka a tashar Scuol-Tarasp, ita ce ƙarshen layin, duka-duka bai cika awa uku ba. Keke yana da nasa tikitin daban, ka saya kafin ka hau. Ka kwana a Scuol ko a sansanin tanti na Sur En, kwanan nan ɗaya a sama da mita 1,000 yana taimakon jiki ya fara sabawa.

Mataki na biyu, keken

Ba keken gari ba, ba keken tsere mai siririn taya ba. Keken tsauni mai faffaɗan taya mai haƙora, da shokozoba aƙalla a gaba, da birkin faranti mai aiki da mai. In haya zaka ɗauka akwai shaguna a Scuol, amma ko naka ne ko na haya ga abin da zaka duba da hannunka, kar ka ce ai mai shago ya duba.

Fara da birki. Cire taya ko ka haska tocila ka leƙa takalmin birkin, in naman da ya rage bai kai milimita ɗaya da rabi ba a canja, don gangaren Italiya kaɗai zai cinye shi. Matsa hannun birkin, ya kamata ya tsaya da tauri tun kafin ya taɓa kan keken, in kaji shi lagwaf-lagwaf kamar soso toh iska ta shiga man, a kai wa makaniki. Sai abu mai muhimmanci da mutane ke mantawa: wane hannu ne birkin gaba? A yawancin ƙasashen Turai hagu ne gaba dama baya, amma a Ingila akasin haka ne, toh in a Ingila ka koyi keke ka ce a juya maka su tun a shago. Ba a tsakiyar gangare ake gano wannan ba.

Iskar taya kar ka cika ta tam kamar ta titin kwalta. Mai nauyin kilo 70 zuwa 80 a kan taya tubles wato mara tif, kamar bar 1.6 a gaba 1.8 a baya a ma'aunin famfo ya isa, in mai tif ne ka ƙara kaɗan kar dutse ya matse tif ɗin ya huda. Taya mai ɗan laushi ita ke kama tsakuwa. Shokozoba kuma ka hau keken da jakarka a baya ka gani, ya nutse kamar kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa. Sarƙa a goge a sa mai. Ka gwada kowace giya ka tabbatar tana hawa babban farantin baya ba tare da ƙara ba don a kansa zaka wuni. In sirdin irin mai sauka da maɓalli ne madalla, in ba shi bane ka tabbatar zaka iya sassauta shi ka sauke da hannu.

Masu keken lantarki, eh ana zuwa da shi kuma yana rage wahalar hawa, amma nauyinsa na kaiwa kilo 23 zuwa 25 kuma akwai inda dole ka ɗaga shi a kan matakalar dutse ga rami a gefe. Ka gwada ɗaga shi a matakalar gida sau goma, in ya gagare ka a gida toh ka san amsar.

Mataki na uku, jaka

Hular kwano wajibi, safar hannu mai rufe yatsu duka, tabarau, da takalmi mai kama ƙasa don zaka yi tafiyar ƙafa mai yawa a kan jiƙaƙƙen dutse. Rigar ruwa da rigar sanyi mara nauyi ko da ka ga gari garau. Duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da wajen digiri 6 zuwa 7, ka haɗa da iska da rigar da gumi ya jiƙa, sai kaga mutumin da ya bar Sur En yana fifita ya isa sama haƙoransa na kaɗawa. Zuwana na farko safar hannuna mai yankakken yatsu ce, yayyafi da ƙanƙara suka same mu a fili kusa da iyaka, yatsuna suka mutu har na kasa jin hannun birki, dole na tsaya na cusa hannu cikin hammata kusan minti ashirin kafin na yarda na fara gangara. Tun ranar bana zuwa sai da safa biyu da busasshiyar riga a leda.

Kayan gyara: tif ɗaya ko da tayarka tubles ce, faci da sholisho, famfo, liba biyu, alanki mai baki da yawa wanda ke da abin yanke sarƙa, mahaɗin sarƙa daidai da taka, takalmin birki na ajiya. Sai bandeji da filasta da bargon nan mai ƙyalli na gaggawa, ƙaramar tocila, fawabank, da taswirar da ka sauke a waya tun a masauki don a cikin kwarin sabis na ɗaukewa. Ruwa lita biyu. A Scuol akwai famfunan tsakiyar unguwa da wasunsu ke zubo ruwan ma'adinai mai gas daga ƙarƙashin ƙasa, ka ɗanɗana, amma gorar tafiya ka cika ta da ruwa na yau da kullum. Ruwan rafin da ke ƙasan wajen kiwo kar ka sha komai kyansa. Guzuri kuwa dabino yafi komai, ka ƙara da gyaɗa da ayaba, in kaga wani kek na yankin mai cike da goro irin nasu da sukari da ake kira Nusstorte ka sayi yanki, yana riƙe ciki sosai.

Lambobin gaggawa ka rubuta a takarda ma ba waya kaɗai ba: 112 tana aiki a duka ƙasashen uku, 1414 kuma ta Rega ce, masu helikwaftan ceto na Suwizalan, suna da manhaja da ke aika musu inda kake. Ka tabbatar inshorarka ta haɗa da ceto a tsauni don kuɗin helikwafta ba ƙarami bane. Kuma kar ka tafi kai kaɗai, ku zama biyu ko uku, a gaya wa wani a masauki hanyar da za'a bi da lokacin dawowa.

Mataki na huɗu, hawa daga Sur En zuwa Uina Dadaint

Ƙarfe bakwai na safe ta same ka a kan keke. Dalili biyu ne, ka wuce kwazazzabon kafin ya cika da masu tafiyar ƙafa, kuma ka sauka daga filin sama kafin hadarin yamma ya haɗo. Daga Scuol zuwa Sur En gangare ne mai sauƙi ta bakin kogi, in kaga tsohuwar gadar katako mai rufi ka iso.

Daga nan hanyar tsakuwa ce mai faɗin mota, tana bin rafi cikin dajin itatuwa masu tsini, kuma bata da sallama, tun farko take miƙewa. Kuskuren da kusan kowa keyi shi ne ya taho da zafi a kilomita biyun farko. Sa giya mafi laushi tun da wuri, ka juya feda da sauri-sauri ba da ƙarfi ba, ma'aunin shi ne in zaka iya yi wa abokinka magana jimla guda ba tare da numfashi ya yanke ba toh kana daidai. In wajen ya miƙe sosai kar ka tashi tsaye, tayar baya zata yi ta juyawa a banza a kan tsakuwa, zauna ka matso bakin sirdi ka sunkuyo da ƙirji kusa da kan keken don tayar gaba kar ta ɗaga. Canja giya kafin ka shiga hawan ba a tsakiyarsa ba, nan ne sarƙa ke tsinkewa. In kaga tafiyarka a kan keke bata fi ta mai ƙafa sauri ba, sauka ka tura, ka adana ƙafar don gaba. Kowane rabin awa ka kurɓi ruwa ka jefa dabino biyu ko baka ji yunwa ba.

Zaka wuce Uina Dadora, can sai daji ya buɗe ka fito wani fili mai ciyawa da ruga, Uina Dadaint kenan, wajen mita 1,770. A lokacin kiwo suna sayar da madara da cuku da abin sha. Ka zauna minti goma sha biyar, ka ci abinci, ka ɗaga kai ka kalli bangon dutsen da ke gabanka, zaka hango wani siririn layi a tsakiyarsa kamar an ja shi da wuƙa. Nan zaka bi. Wannan ne wajen yanke shawara na gaskiya: in gajimare ya fara yin baƙi, ko ƙafarka na rawa, ko a cikinku akwai wanda jiri ke ɗauka in ya leƙa ƙasa daga bene, ku juya daga nan, kun riga kun ga kwari mai kyau. Mutanen wajen harshen Romansh suke ji, gaisuwarsu Allegra, ka ce musu haka zaka ga fara'a.

Mataki na biyar, cikin dutsen

Nan zan daɗe don nan ne komai. Daga rugar hanya ta zama siririya ta miƙe cikin daji da duwatsu, yawancin mutane tun nan suke fara turawa. Sai ka iso allon da ke cewa a sauka daga keke. Ɗan uwa ka sauka. Ba shawara bace, kuma ba don marasa gwaninta aka kafa shi ba.

Tsakanin 1908 da 1910 aka fasa hanyar nan da nakiya, reshen garin Pforzheim da ke Jamus na ƙungiyar masu hawan tsaunuka ta Jamus da Ostiriya ne ya tsaya a kan aikin don a samu hanyar zuwa masaukin da suka gina a ɗaya gefen a 1901. Tsawon sassaƙaƙƙen wajen kamar mita 600 ne, faɗinsa a wurare da dama bai fi mita ɗaya da 'yan kai ba, dutse a samanka dutse a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma sarari ne zuwa ƙasa inda kake jin rurin ruwa. Wasu wuraren akwai shingen ƙarfe, wasu igiyar ƙarfe ce kawai a jikin bango, wasu babu komai. Don masu ƙafa aka yi ta, kan kekenka kuma faɗinsa ya kusa santimita 80, in gefensa ya daki bango kana bisa, keken ramin zai tura ka.

Ga yadda ake yi. Kai kana gefen bango, keke yana gefen rami, ko da yaushe. In wani abu ya faru keken ne zai tafi ba kai ba, kuma in ya suɓuce ya nufi ƙasa ka sake shi, kar ka bi shi da hannu, wallahi ka sake shi. Saboda haka tun a gida ka koyi tura keke ta hagu da ta dama, don yawancinmu gefe ɗaya muka saba. Sauke sirdi ƙasa. Juya fedar da ke gefenka ta koma baya kar ta riƙa dukan ƙaurinka. Yatsa ɗaya a kan birkin baya: ka tura keke gaba, ka kama birki, ka taka ka iso shi, ka saki, ka sake turawa. A matakala ka ɗaga tayar gaba tukuna sannan ka kama ƙarfen ƙasan sirdi ka ɗago bayan. Kar ka saɓa keken a kafaɗa a kwance a inda rufin yayi ƙasa, taya zata daki dutse ta juya ka.

Hular kwano na kanka, don rufin na ɗigar ruwa kuma tsakuwa na faɗowa. Akwai gajerun ramuka masu duhu da ƙasansu ke jiƙe, cire baƙin tabarau kafin ka shiga ka kunna tocila. Tsakaninka da na gabanka a bar tazarar keke uku. In kun haɗu da masu saukowa, wanda yafi kusa da waje mai faɗi shi zai tsaya ya manna da bango, a yi magana a fahimci juna kafin kowa ya motsa, kuma mai ƙafa shi ke da hanya. Hoto kuwa kowa na so, nima ina da su, amma ka jingine keken a bango ka tsaya cak a waje mai shinge sannan ka fito da waya. Ba'a tafiya ana ɗauka, ba'a ja da baya don hoto yayi kyau.

In tsoro ya kama ka a tsakiya, kuma yana kama mutane da yawa har waɗanda suka saba, tsaya ka juya fuskarka ga bango ka kama igiyar, ka yi numfashi a hankali kana addu'arka, ka kalli inda zaka sa ƙafa kawai ba ramin ba. Abokinka ya wuce da kekensa ya ajiye ya dawo ya ɗauki naka. Babu wanda zai tsaya yana ƙirga wa ya tura wa keke. Daga rugar zuwa fita daga dutsen ka ware awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

Mataki na shida, filin sama da shanu

Kana fita sai duniya ta buɗe, fili shimfiɗe kore shar da rafi na lanƙwasa a tsakiya da tsaunuka kewaye, Alp Sursass kenan. Ni dai duk sanda na fito nan sai naji ƙirjina ya cika, sai dai mutum yace Subhanallah. Zaka ji wani fito mai kaifi, wasu dabbobi ne masu kama da gafiya amma sun fi ta ƙiba da gashi suke gargaɗin junansu. Nan zaka koma kan keke, siririyar hanya ce mai hawa a hankali, da duwatsu da laka nan da can. Ka tsaya a kan hanyar kar ka yanke ta cikin ciyawa, abincin dabbobin mutane ne, kuma a wannan tsayin in taya ta kwashe ciyawa tana shekaru bata dawo ba. A nan iska ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu in ka kwatanta da bakin teku, toh in kaji kana haki a ɗan hawan da bai kai ya kawo ba, haka ne, rage gudu. In ciwon kai mai tsanani da tashin zuciya suka zo, ƙasa zaka nufa.

Shanun nan ba irin wanda muka saba gani da makiyayi da sandarsa a baya bane, sake suke su kaɗai, kuma saniya mai ɗan maraƙi bata da wasa. Sauka daga keke, ka zagaye su da nisa a hankali, keken na tsakaninka da su, kar ka bi ta tsakanin uwa da ɗa, kar ka taɓa maraƙi. In ka gamu da babban kare mai gadin tumaki shima haka, sauka, tsaya, kar ka gudu. Duk ƙofar shinge da ka buɗe ka rufe, kuma siririyar wayar nan ta shinge akwai lantarki a jiki, ta wajen robar ake kamawa.

In tsawa ta riske ka a nan, ƙirga daƙiƙa tsakanin walƙiya da ƙara, kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce. In ta matso ka ajiye keken ka yi nisa da shi da shingen waya, ka nemi waje mai ɗan kwari ka tsuguna ƙafa a haɗe, ku rarrabu kar ku taru waje ɗaya. In an ji rauni babu sabis, alamar neman taimako a tsaunukan Alps ita ce fito ko hasken tocila sau shida cikin minti ɗaya, a huta minti ɗaya, a maimaita.

Bayan ka wuce iyaka kaɗan zaka ga tsohon ginin Pforzheim ɗin nan, wanda Italiya ta karɓe bayan yaƙin duniya na farko lokacin da Kudancin Tirol ya koma hannunta, shi yasa kana Italiya amma Jamusanci kake ji. Kusa da shi masaukin Sesvenna ne, wajen mita 2,260, akwai abinci mai zafi da wajen kwana in ka kama tun da wuri. A kula da abinci: duk abin da kaga an rubuta Speck naman alade ne, kuma suna sa shi a cikin dunƙulen burodin nan nasu Knödel da miyar sha'ir, toh ka nemi na cuku ko na alayyafo ka kuma tambaya da wane romo aka dafa. Nan nake alwala in haɗa azahar da la'asar tunda matafiyi ne, ruwan sanyi kamar ƙanƙara, ka goge hannu sosai ka sa busasshiyar rigarka kafin ka fara sauka.

Mataki na bakwai, gangarowa

Yawancin faɗuwa a nan take faruwa ba a kwazazzabon ba, saboda an gaji kuma an saki jiki ana ganin an gama. Daga masaukin zuwa ƙauyen Schlinig akwai wani yanki mai tsananin gangare kusa da inda ruwa ke zubowa daga baƙin dutse. Sirdi ƙasa, ka tashi tsaye, feda biyu a daidai wato ɗaya gaba ɗaya baya, dunduniya ƙasa, gwiwa da gwiwar hannu a sake, nauyinka a kan ƙafa ba a kan hannu ba. Idonka can gaba inda kake son zuwa, don duk dutsen da ka zuba wa ido shi zaka daka.

Birki da yatsa ɗaya kowane hannu, duka biyun tare. Na gaba shi ke tsayar da keke, kar ka ji tsoronsa, amma matsawa ake a hankali ba fizga ba. Na baya kaɗai in ka danne taya zata ja ƙasa, ka rasa iko ka kuma lalata hanya. Rage gudu kafin kwana, a cikin kwanar ka sassauta. Kar ka riƙe birki tun daga sama har ƙasa, farantin zai yi zafi birkin ya daina kamawa, ka matsa sosai ka saki, ka matsa ka saki, in kaji wari ko hannun birkin ya fara nutsewa tsaya minti biyar ya huce, kuma kar ka taɓa farantin da hannu. Akwai magudanan ruwa na katako ko ƙarfe da aka gitta a hanya, ka tsallaka su a miƙe ba a karkace ba, ka saki birkin gaba daidai lokacin. Masu tafiya da yara suna da yawa a wannan gefen, rage gudu kamar mai tafiya da ƙafa ka gaishe su. In wani yanki yafi ƙarfinka, ka riga ka san abin yi.

Daga Schlinig kwalta ce har Burgeis, zaka wuce ƙarƙashin wani babban farin gini, gidan ibadar Kirista na Marienberg. A nan zaɓi biyu ne. In ka gaji ka ƙarasa Mals ka kwana, akwai tashar jirgin ƙasa zuwa Meran. In da sauran ƙarfi da rana, ka bi hanyar keke ka haura tafkin Reschen inda hasumiyar cocin tsohon ƙauyen Graun ke tsaye cikin ruwa tun da aka cika dam ɗin a 1950, ka tsallaka mashigar Reschen mai mita 1,500 ka shiga Nauders a Ostiriya, ɗan hawa zuwa Norbertshöhe, sai kwana-kwanar kwalta zuwa Martina, ka dawo Suwizalan. Zagayen duka daga Sur En zuwa Sur En kilomita 70 da wani abu ne, hawa kusan mita 2,000, zuwan farko ni shawarata a raba shi kwana biyu. Kuma ka sani daga Martina kogin Inn sama zaka bi ba ƙasa ba, akwai 'yan hawa-hawa a wannan kilomitocin na ƙarshe, toh ka rage dabino da rabin gora saboda su, fitilar gaba da ta baya kuma su kasance da caji, in jirgi zaka kama a Scuol ka tuna tashar tana saman gari, ka ƙara rabin awa a lissafinka.